Tururin Lahadi a Gidan Fokko

Fokko Wieringa maƙwabcina ne shekara arba'in da ɗaya. Bango ɗaya ne tsakaninmu, kuma bangon ba shi da kauri, saboda haka na san tarinsa kamar yadda ya san nawa. Yana lamba tara, ina goma sha ɗaya, a layinmu mai gidaje goma da ke bayan coci, inda iskar teku take fara sauka kafin ta shiga sauran ƙauyen.

Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son yawan magana. Shekara talatin ya yi yana hura wutar manyan tukwanen tururi a masana'antar kwali, har ranar da aka rufe ta. Ya dawo gida da kunne ɗaya da ba ya ji sosai, da wata ɗabi'a ta tsayawa ya saurari kowane inji kamar mai gaida dattijo. Matarsa Hilje takan ce da ita tukunya ce da ta fi samun hira. Shi kuma yakan ce ai tukunya ba ta katse mutum.

Shekarar da aka jawo mana gas, tukunyar ɗumama gida iri ɗaya aka sa wa kowa, can a ɗan ɗakin ƙarƙashin rufi, wanda sai an jawo tsani daga silin ake hawa. Tukunya ta dafa ruwa, ɗan famfonta ya tura shi cikin bututu zuwa lagiretocin ɗumama ɗaki da ke jikin bangon ɗakuna, ruwan ya huce ya komo. Aikin ke nan. Mu dai mun ɗauke ta yadda mutum yake ɗaukar hantarsa, ba ya tunawa da ita sai ta yi ciwo.

Muna da wata al'ada a layin, ban san wanda ya fara ta ba. Ba a kunna tukunya kafin ɗaya ga Nuwamba. Ko raɓa ta daskare a kan ciyawa, mutum ya ƙara rigar ulu ya rungumi kofin shayi. Gidan da aka fara ganin tururi a bututun rufinsa kafin ranar, shi zai dafa wa layi duka miyar koren wake, irin mai kaurin nan da cokali yake tsayawa a ciki. Miyar ba ita ce abin gudu ba. Abin gudun shi ne ba a mantawa. Har yau ana kiran mutanen lamba uku masu sanyin ƙashi, saboda shekarar da aka haifa musu tagwaye, kuma tagwayen yanzu sun yi aure har da 'ya'ya. Mai tsaron wannan doka ita ce Geesje Bolhuis, wadda mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidanta ne kaɗai a tsallaken titi, tagarta tana kallon rufinmu duka goma.

Kusan kowa ya taɓa faɗuwa. Ni ma na dafa miya shekarar da matata Aaltje ta yi ciwon ƙirji. Fokko bai taɓa ba. Bai taɓa yin alfahari da baki ba, amma in ana zancen a gabansa yakan gyara zaman hularsa.

Ɗaya ga Nuwamba kuwa ranar aikinsa ce. Tukwanen da suka kwana wata shida ba motsi, ba dukansu suke yarda su tashi ba. Kowace shekara sai an sami gida biyu ko uku da aka kunna wuta ta kama, amma famfo ya ƙage, ruwa ya ƙi tafiya. Sai a aika wa Fokko. Ba ya karɓar komai sai kofi. Ya hau, ya kwance murfin famfon, ya juya sandar ciki da sukundireba, ya ɗan ƙwanƙwasa da ƙota, ya ce, "Barci take." Kuma tunda ya riga ya hau, ba ya sauka sai ya gama mata komai. Ya rufe gas, ya share kan murhu da tsohon buroshin fenti, ya kori gizo-gizo daga ramukan wuta. Ya dubi allurar ma'aunin ruwan tukunyar, in ta sauka ya jona tiyo ya ƙara, amma sai ya fara cika tiyon tukuna, don kada ya ɗura wa tukunya iska. Ya kunna ya tsuguna yana kallon harshen wuta. Shuɗi yake so, tsayayye. In ya ga rawaya a bakinsa sai ya kashe ya sake shara. Daga nan ya bi ɗakuna da wani ɗan makulli da yake ratayawa a wuya, yana buɗe hancin kowane lagireto, iska ta fita da huci har ruwa ya tsarto a tsummansa. Ya yi wa matar gida faɗa a kan shanya kusa da tukunya, ta ce to, ya tafi, ta ci gaba da shanyarta.

Duk da haka tukwanenmu sun mutu ɗaya bayan ɗaya. Wasu gidajen har sun canja sau biyu. Tasa ce kaɗai ta farko, kuma ba ta taɓa ƙin tashi ba.

Abu ɗaya ake riƙe da shi a kansa, ba ya zuwa coci. Wasu sun ce ya taɓa saɓawa da Fasto, wasu sun ce a masana'anta aka lalata shi. Hilje takan tafi ita kaɗai, in an tambaye ta ta ce, "Yana can yana tasa ibadar."

Bayan rasuwar Hilje da shekara biyu gwiwarsa ta dama ta ƙi. Yana hawa matakala da baya, yana sauka a zaune. 'Yarsu Jantina, ma'aikaciyar jinya ce a birni, ta fara zuwa da takardu. Ina wurin ranar da suka yi maganar, a teburin kicin, don Fokko ya ce in zauna in zama shaida.

Ta ce, "Baba, ba zan bari a sa sabuwar tukunya a gidan da matakalarsa take neman kashe ka ba. Ranar da wannan ta mutu, ranar za ka tattara. Na sa sunanka a layin gidan tsofaffin da ke kusa da ni. Ɗaki a ƙasa, ba hawa ba sauka."

"In ba ta mutu ba fa?"

"Shekararta ashirin da bakwai."

"Ke arba'in da biyar, ban ce a canja ki ba."

Ta danne dariya. "Kuma ba kunnenka ne zai yanke hukunci ba. Ran ɗaya ga Nuwamba zan zo da ma'aikaci mai takarda da na'ura. In ya ce ta gama, ta gama."

"In ya ce da sauranta?"

"Sai ka zauna."

Suka tafa a kan haka. Ni dai na ga yadda ya dubi tagar baya, wajen itacen tuffan da Hilje ta dasa.

An sa ranar yi masa aikin gwiwa a tsakiyar Satumba, daga nan mako shida a gidan jinya. Ana gobe zai tafi, da la'asar, ya kira ni ta saman shinge.

"Roelf, kana iya riƙe magana?"

"Shekara arba'in ban gaya wa kowa kana waƙa a banɗaki ba."

"Wannan ta fi waƙa nauyi."

Ya kai ni ƙarƙashin tsanin, ya ce in hau, shi ya tsaya a ƙasa yana magana. Ɗakin tsaf, ko ƙura babu. Tukunyar tana tsaye a lungu, fentinta ya koɗe amma ba tsatsa ko ɗigo.

Ya ce, "Kowace Lahadi, in ƙararrawar coci ta yi shiru ka ji an fara waƙa, ka hau. Ka dubi allura. Ka murɗa wancan, ka danna wannan, ka ƙirga ashirin. Ka bar ta minti goma sha biyar, ka kashe."

Na leƙo da kaina ta ramin silin. "A Satumba?"

"Da Mayu, da Yuli, da duk sauran. Ƙarfe in ya zauna mutuwa yake. Famfo ya ƙage, laima ta ci murhu, gizo ya yi gida. Minti goma sha biyar a mako, shi ke nan sirrin."

"Tun yaushe?"

"Tun shekarar farko."

Na zauna a bakin ramin, ƙafafuna suna lilo. Na tuna tukunyar miyar da na ɗauko da hannuna na kawo ƙofar gidan nan, da yadda ya ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Na ce, "Ashe ba da Fasto kake faɗa ba."

"Wane Fasto? Mutumin kirki. Wa'azinsa minti arba'in cif, ba ya ragewa. Wanda ya gabace shi ne ya wahalar da ni, wani lokaci sai ya gajarta."

"Hilje ta sani?"

"Ita take tsare Geesje da hira a bakin coci."

Ban ce masa na yarda ba. Na dai sa hannu na karɓi makullin gidan.

Matsalar ita ce ni shekara hamsin ina zama a benci ɗaya, kuma ni nake raba littattafan waƙa a ƙofa. Da na gaya wa Aaltje, ta yi dariya har sai da ta zauna. Sannan ta ce, "Ba zan yi ƙarya a coci ba. Zan ce bayanka ba kamar da ba. Wannan gaskiya ne."

Lahadin farko na hau ina tsoron kada ta ƙi ni. Amma tukunyar ta kama da ɗan sauti kamar an hura kyandir, wuta ta jeru shuɗiya, famfo ya ɗauka. Na zauna a kan wani akwati ina jin waƙar coci tana shigowa ta tsakanin tayil ɗin rufi. Ban taɓa jin ta daga waje ba. Ta fi daɗi daga nan, ba a jin muryar mutumin lamba bakwai.

Lahadi ta biyu Fasto ya sa bayana a addu'a. Aka fara kawo mini man shafawa, wata ta kawo fatar tunkiya in ɗaura. Dole na riƙa tafiya a sunkuye in zan je sayen burodi, kuma kafin mako na uku bayan ya fara ciwo da gaske. Aaltje ta ce alhaki ne.

Lahadi ta huɗu gari ya waye da sanyi, sama garau, ko ganye ba ya motsi. Da ina da hankalin Fokko da na san abin da irin wannan safiya take yi wa tururi. Na kunna, na jira, na kashe, na sauko na buɗe ƙofa. Geesje tana tsaye a kan dakali, ta naɗe wuya da mayafi, hancinta ja, hankici a hannu. Mura ta hana ta zuwa coci, karo na farko a iya sanina.

Ta ce, "Sannu da jiki, maƙwabci. Na ga bayan ya yi sauƙi."

"Furanninsa na zo ba ruwa."

"A kan rufi ya dasa su?"

Na fito na ɗaga kai. Sauran tururin yana nan tsaye a kan bututun, fari, kamar an kafa sanda.

Ta fyace hanci a nitse. "Mutum yana asibiti, bututunsa yana numfashi. Ko dai Hilje ce ta dawo tana jin sanyi, ko kai ne."

Ban iya ƙarya a tsaye ba, sai na shirya.

Ta ce, "Ba na yanke wa majinyaci hukunci a bayan idonsa. In kai ka kunna don kanka, miya a wuyanka, sunansa yana nan yadda yake. Amma kada in sake ganin ko ɗigon tururi kafin ranar. In kuwa shi ya aiko ka, ina so in ji daga bakinsa. Je ka tambaye shi."

Ran Litinin na hau bas na tafi gidan jinya. Na same shi a babban falo, ƙafa a miƙe a kan kujera, tsofaffi jere a gaban talabijin, wasu suna gyangyaɗi. Na gaya masa duk yadda aka yi. Na ce zan ɗauki laifin, ai na saba dafa miya. Lahadi biyu ce kawai ta rage, tukunya ta yi haƙuri.

Ya ce, "Kwana ashirin, a cikin laimar Oktoba."

"Ba za ta iya ba?"

"Wataƙila ta iya. Lokacin jinyar Hilje na tsallake Lahadi biyu, da na kunna sai da famfon ya yi nishi kafin ya juya. Yanzu ya ƙara tsufa. In mutumin Jantina ya danna ya ji nishi, ba zai ƙwanƙwasa ba. Alƙalami zai ciro."

"In ka ce kai ne, ka san layinmu. Sunan zai bi ka har jikokinka."

Ya karkatar da kunnensa mai ji wajen taga. Lagireton da ke ƙarƙashinta yana ta ƙugi kamar cikin mai yunwa.

Ya ce, "Kana ji? Iska ce. Mako huɗu ina roƙo a ba ni makulli in sake ta. Sun ce ba aikin majinyata ba ne." Ya dubi masu gyangyaɗin, ya daɗe yana dubansu. "Ka kunna ran Lahadi. Ka ce wa Geesje ni ne."

"Na bana kawai?"

"Tun farko. In za ka sha giya, sha ta dubu."

Na isar da saƙo a ƙofarta. Ta ce daga bakinsa ta ce tana so, na ce bakin yana da nisan bas biyu. Ta tambaye ni, "Tun farkon me?" Na gaya mata. Ta kama ƙofa ta rufe a hankali. Kafin azahar labari ya kai lamba goma sha tara ya dawo.

Kwana uku ba a zancen komai sai shi. Mutanen lamba uku suka fito suna tafiya kamar an sauke musu kaya. Wani ya ajiye littafin waƙa a kan dakalin Fokko. Wani ya rubuta a takarda ya manna a ƙofar, wai a nan ake ibadar safe, a zo da rigar shan iska. Lahadi biyun da suka rage na kunna a fili, sannan na shiga coci a makare, bayana a miƙe. Fasto ya dube ni daga kan mumbari ya ce yana murna da ganin an amsa addu'a.

Fokko ya dawo ana jibi Nuwamba, da sanduna biyu. Ya cire takardar daga ƙofa, ya karanta, ya ninke ya sa a aljihu. Washegari ya sa na ɗauko masa babbar tukunyar girkin Hilje, ya zauna a kan kujera mai tsawo yana yanka albasa da karas, don miyar wake sai ta kwana take daɗi.

Ran Asabar, ɗaya ga Nuwamba, da hantsi Jantina ta iso da ma'aikacin. Sunansa Dijkhuis, dogo, ya ba hamsin baya, da jakar kayan aiki da wata na'ura mai dogon baki. Ya hau tsani. Muka ji ya yi fito.

Ya ce daga sama, "Wannan ta girmi aurena."

Fokko ya ce, "Wanne ya fi lafiya?"

Dijkhuis ya ce, "Kada ka tambaya, Baba."

Jantina ta harɗe hannu a ƙirji ta jingina da bango. Fokko ya sa na kawo masa kujera gindin bututun da ya sauko ta gefen matakala. Ya ɗora bakin sukundireba a jikin bututun, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Na lura hannun da ke riƙe da sandar ya yi fari don damƙa.

Shiru. Sai ɗan sautin kamawar wuta. Sai wani siririn zuu ya biyo bututu, bai yi gargada ba. Fokko bai buɗe ido ba, amma kafaɗarsa ta sauka.

Dijkhuis ya daɗe a sama. Muna jin yana buɗe wannan yana rufe wancan, na'urarsa tana ƙara. Can Fokko ya ɗaga murya.

"Kada ka matse wannan notin da ƙarfi, yaro. Zarensa ya tsufa."

"Wa ya ce maka na taɓa noti?"

"Ita tukunyar."

Ya sauko yana goge hannu. Ya dubi Fokko, ya dubi Jantina, ya ce, "Ba laifi."

A wajenmu, abin da mutum yake faɗa ke nan ranar da dokinsa ya ci tsere. Amma Jantina ta daɗe a birni, tana son magana dalla-dalla.

Ta ce, "Shekara nawa ta rage mata?"

"Ni ba mai duba ba ne, Uwargida. Ba zan ɓoye miki ba, sabuwa za ta fi ta tsimin gas. Amma hayaƙinta tsaf yake, ba ta yoyo ko ta ina, famfo yana tafiya kamar agogo. Ba ni da abin da zan rubuta mata. Sharaɗina biyu ne. A riƙa kirana sau ɗaya a shekara da na'ura, don akwai hayaƙin da kunne ba ya ji, hanci ma ba ya ji. Kuma a rataya ƙararrawar da take gano shi, a saman matakala."

Fokko ya buɗe baki, Jantina ta dube shi, ya rufe. Ya ce to.

Motar Dijkhuis ba ta gama fita daga layi ba aka buga ƙofa. Geesje ce, kot biyu a jikinta, ɗaya kan ɗaya. Ta shigo har tsakiyar falo, inda ɗumi ya fara taruwa, ta tsaya.

Ta ce, "Fokko Wieringa. Shekara ashirin da bakwai kana kallonmu muna rawar ɗari ran ɗaya ga wata, ka zo ka ƙwanƙwasa mana famfo kamar boka, ka sha mana kofi. Ka san maganin, ka yi shiru."

"Na faɗa."

"Yaushe?"

"Shekarar farko, a gidan Roelf, ran bikin haihuwar Aaltje. Muna zaune a zagaye ana cin kek. Na ce ƙarfe ba ya son zama, ya kamata a riƙa ɗan kunnawa. Kika ce rago ba ya rasa dalili. Kowa ya yi dariya."

Ta juyo gare ni. "Na faɗi haka?"

Na ce ta faɗa. Na kuma ce ni ma na yi dariyar.

Ta shaƙi ƙamshin da ke fitowa daga kicin. "Ka sa ganyen seleri?"

"Na sa."

"To. Tawa ta ƙi tashi. Ta lamba biyar ma, da ta sha bakwai. Taso."

"Da wace ƙafa?"

Duk muka dubi sandunan. Ni na fara tunanin bayana. Sai Jantina ta cire kot ɗinta ta rataya, ta miƙa wa ubanta hannu.

"Ba ni sukundireban. Ka zauna a ƙasa ka faɗa mini."

Haka aka yi gida uku. Ni ina ɗauke da kujera, Fokko yana bina da sanduna, Jantina tana hawa. Yana zaune a gindin tsani yana ba da umarni, ita tana amsawa daga sama.

"Babban murfin tsakiya. Sa tsumma, ruwa zai ɗiga."

"Ya ɗiga a hannun rigata."

"Na ce sa tsumma. Yanzu zura, ki juya dama. A hankali, ba allura kike yi wa mutum ba."

"Da allura ce da tuni na gama. Ya ƙi."

"Ƙwanƙwasa. Ba duka ba, sallama."

A gidan Geesje sai da ta yi sallama sau uku kafin famfon ya amsa. Ta sauko da baƙin maiko har goshi, tana murmushin da ban gani a fuskarta ba tun tana 'yar makaranta.

Da azahar layi duka ya hallara a lamba tara, kowa da kwanonsa da cokalinsa. An yi masa tsiya son rai. Mutumin lamba uku ya ce daga yau sunan masu sanyin ƙashi ya tashi daga gidansu ya koma nan, Fokko ya ce a kawo, akwai wurin ajiyewa. Aka yanke cewa daga bana minti goma sha biyar a mako ba ya cikin lissafin faɗuwa, in dai an yi shi a gaban idon Geesje. Ita kuma ta ce yanzu ba shi da hujjar ƙin zuwa coci. Ya ce in Fasto ya gan shi a benci zai ɗauka mutuwa ce ta matso, bai kamata a tsorata bawan Allah ba. Geesje ta ƙara kwano na biyu, ta ce gishiri ya ɗan yi kaɗan.

Bayan an watse na tsaya taya su wanke-wanke. Jantina tana wankewa, ina gogewa, Fokko yana zaune ya miƙe ƙafa kusa da lagireto.

Ta ce, ba ta juyo ba, "Ran Litinin zan kira mutanen gidan can."

"Ki ce su cire sunana."

"Zan ce su mayar da shi ƙasan layi."

"Can ƙasa sosai."

"Can ƙasa. Amma kai da tsani har abada, Baba. Wannan ba a cikin ciniki yake ba."

"To wa zai riƙa hawa? Roelf bayansa ba kamar da ba."

Ta ɗauraye kwano ta miƙo mini. "Ba na aiki ran Lahadi."

Ya murza gwiwa. Sannan ya ce, "Bas ɗin tara da rabi ya fi. Na ƙarfe goma yana tsayawa a kowane ƙauye."

Daga Nuwamba zuwa Afrilu tukunya tana aiki kullum, ba ta bukatar kowa ya hau mata ran Lahadi. Fokko ya fi kowa sanin haka, kuma ina jin Jantina ma ta sani. Ba wanda ya ɗaga maganar a cikinsu, ni ma na ci gaba da goge kwanona. Ya ƙara shekara shida a lamba tara.